DARIYA A BAKIN KABARI: TSOKACI A KAN RAHA MAI ƊACI, DAGA INGILA ZUWA GIDAN BADAMASI

Abin da ya jawo wannan rubutu wani ɗan wasan kwaikwayo ne na minti ashirin da ɗalibanmu suka gabatar ranar rufe makaranta, a ƙarshen zangon karatun da ya wuce, a nan Yako. Mu ne ke kula da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makarantar, saboda haka mu muka karanta abin da yaran suka rubuta, muka gyara musu, muka kuma amince a yi shi a gaban iyaye. Idan akwai laifi, to, a wuyanmu yake.

Ga yadda wasan yake a taƙaice. Masu garkuwa da mutane sun sace wani tsohon malamin makaranta, suka bugo waya gidansa suna neman naira miliyan goma. Uwargida ta ɗauka, ta ce don Allah su yi haƙuri su riƙe shi zuwa ƙarshen wata, domin ko sun sako shi yanzu babu abin da za a ɗora a tukunya. Babban ɗansa ya karɓi wayar, bai tambayi lafiyar uban ba, sai ya roƙi ɓarayin su taimaka su tambayi tsohon inda ya ajiye takardar gona. Ana ta ciniki kamar na akuya, kuɗi suka sauko daga miliyan goma zuwa dubu hamsin da tiya biyar ta masara. Daga ƙarshe ɓarayin suka gaji da ciyar da shi, ga shi kullum yana gyara musu lissafi, suka kawo shi bakin gari da kuɗin mota a aljihu. Ya shiga gida ya tarar an yi masa sadakar uku, ana rabon rigunansa.

Filin taro ya ruɗe da dariya, har da masu share hawaye da haɓar riga. Amma ana tsakiyar wasan wani dattijo da ke layin gaba ya miƙe, ya saɓa babbar rigarsa, ya fice bai ce wa kowa uffan ba. Sai daga baya muka ji cewa ƙaninsa na cikin waɗanda aka tare a hanyar da ta ratsa dajin Falgore shekarun baya. An sayar da shanu an biya kuɗin fansa, amma har yau ko takalminsa ba a gani ba.

Washegari ɗakin malamai ya rabu biyu. Wasu suka ce abin da muka yi rashin imani ne, ba a wasa da musiba. Wasu kuma suka ce ai yaran gaskiya suka faɗa, kuma da wasa ake gaya wa wawa magana. Mu dai muka yi shiru, domin mun ga kowane ɓangare da tasa gaskiyar. Wannan shirun ne muke so mu warware a gaban 'yan'uwa marubuta, musamman masu tasowa, waɗanda yanzu da yawansu suka karkata ga rubuta wasannin barkwanci na talabijin da na wayar hannu.

Irin wannan raha, wadda ake ƙulla ta a kan mutuwa, ko cuta, ko zalunci, ko wani abin da a ƙa'ida kuka ya kamata ya jawo, Turawa suna danganta ta da baƙin launi. Mu a nan za mu kira ta raha mai ɗaci, saboda in muka ce baƙar raha hankalin mai karatu zai tafi ga baƙar magana, alhali kuwa ba abu ɗaya ba ne. Ko shakka babu mutanen Ingila sun yi fice a wannan fanni, kuma mu da muka tashi a shekarun 1980 da 1990 mun sha kallonsu tun ba mu san sunan abin ba. Gidajen talabijin na ƙasar nan sun daɗe suna nuna *Mind Your Language* da *Some Mothers Do 'Ave 'Em*, daga baya kuma kaset ɗin *Mr. Bean* ya shiga kowane gidan kallo, har ya zamana duk yaron da ya cika shirme a aji sai a laƙaba masa Mista Bin.

Da yawa daga cikinmu mun ɗauki Mista Bin a matsayin wawa marar cutarwa. A sake kallonsa da idon manazarci. A wani kashi na 1992, wani bawan Allah ya yanke jiki ya faɗi a tashar bas, zuciyarsa ta buga. Mista Bin ya yi ta dabaru har ya farfaɗo da shi da wayar tayar da batirin mota, sannan garin gaisawa ya sake jona masa wutar, mutumin ya koma ƙasa. Da motar asibiti ta iso, sai gogan naka ya lallaɓa ya tayar da tasa motar da batirinta, ya yi tafiyarsa ya bar ta a mace, ga majinyaci a ciki. A rayuwa ta zahiri wannan mutum abin a kai wa alƙali ne. Amma mun yi dariya, yaranmu ma suna yi har gobe. Me ya sa?

Amsar ta fi fitowa fili a *Fawlty Towers*, wasan John Cleese da Connie Booth wanda BBC ta nuna a 1975 da 1979. Basil mai otal ne, mai girman kai ga talaka, mai rawar jiki ga mai kuɗi. A wani kashi baƙo ya mutu cikin dare a ɗakinsa. Basil ya kai masa karin kumallo, ya yi ta zuba surutu yana buɗe labule, ya fito yana ƙorafin cewa mutumin ko godiya bai yi ba. Da aka gane gawa ce, abin da ya fara faɗo masa a rai shi ne kifin da ya ba shi ya wuce wa'adinsa. Da aka tabbatar masa mutumin ya daɗe da cikawa kafin a kai abincin, sai Basil ya ɓarke da murna a gaban mamaci. Sauran wasan kuwa jan gawa ne daga ɗaki zuwa kabad, daga kabad zuwa kwandon wanki, don kada sauran baƙi su gani. To, a nan ba gawar ake yi wa dariya ba. Mai ran ake yi wa, wanda mutuwa ta sauka a gidansa amma bai ga komai a cikinta ba sai sunan otal ɗinsa. Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, in ji Bahaushe, kuma duk wasan a kan wannan naɗin aka gina shi. Mai kallo yana dariya ne saboda ya gane halin. Wa ya taɓa zaman makoki bai ji ana raɗa a gefe a kan wanda zai gaji shagon mamaci ba?

Wannan shi ne armashin raha mai ɗaci na farko: tana kama ɗan Adam a lokacin da ya kamata a ce ya fi kowane lokaci nutsuwa, ta nuna cewa ko a nan son zuciyarsa bai tafi hutu ba. Wa'azi yana faɗin haka, amma wa'azi yakan bar wa mai sauraro ƙofar cewa da wane ake. Dariya ba ta barin wannan ƙofa, domin kafin mutum ya ankara ya riga ya dara, darawar kuwa shaida ce a kansa cewa ya san abin.

Inda Turawan suka kai abin ƙololuwa, a namu ganin, shi ne zango na huɗu na *Blackadder*, wanda Richard Curtis da Ben Elton suka rubuta, aka nuna a 1989, kuma Rowan Atkinson ɗin nan dai na Mista Bin shi ne tauraro. An kafa labarin a ramukan Yaƙin Duniya na Ɗaya, shekarar 1917. Kyaftin Blackadder ba shi da buri sai na tsira da ransa, janar ɗinsa kuwa yana can nesa da fagen fama cikin katafaren gida, yana tura dubban samari ga halaka don a ci ƙasar da ba ta fi shimfiɗar tabarma ba. Kashi shida ana dariya. A na ƙarshe kyaftin ya kifa kamfai a ka, ya cusa fensir biyu a hanci wai ya haukace, dabarar ba ta ci ba. Aka busa usur, shi da mutanensa suka fito daga rami suka nufi bakin bindiga, hoto ya yi ta tafiya a hankali har filin ya rikiɗe ya zama gonar jajayen furanni, sai kukan tsuntsaye. Babu waƙar rufewa, babu wanda ya fito ya yi jawabi. Marubutan sun yi amfani da dariyar makonni shida suka sa mai kallo ya shaƙu da mutanen, sannan suka karɓe su daga hannunsa. Da tun farko da kuka aka fara, da mai kallo ya ɗaura wa zuciyarsa sulke.

Sai dai kada mai karatu ya zaci muna cewa Bature ne ya kawo wa Bahaushe wannan abu. Ina! Jika yakan leƙa ɗakin kakarsa ya ce, "Ke tsohuwa, har yanzu kina nan? Yaushe za ki tafi mu sha gumba?" Ita kuma ta ɗaga sanda ta ce, "Ja'iri, ai sai na ga bayanka, mijin banza da ko cefane ba ya yi." Wannan wasa ne da mutuwa tsirara, a gaban wadda ta fi kowa kusa da ita, kuma babu mai jin haushi, hasali ma jikan da ba ya yi shi ake yi wa kallon marar zumunci. Tatsuniyoyin Gizo cike suke da yaudara da cin amana da kisa, yara na ƙyalƙyala dariya a gindin kaka. 'Yan kama sukan zauna kamar masu karatu, da murya da ƙira'a irin ta almajiran ilimi, alhali abin da suke jerowa tuwo ne da miya da nama. A rubutaccen adabi ma, muguntar da Alhaji Imam da Malam Zurƙe suka yi ta ƙulla wa juna a *Ruwan Bagaja* na Abubakar Imam, tun 1934, ba ta yara ba ce, kuma ita ce gishirin littafin.

Da talabijin ta zo, sai ga marigayi Usman Baba Pategi, tsohon soja, yana fitowa a Samanja daga Kaduna, yana sa jama'a dariya da kaki da Hausar bariki a zamanin da soja ke mulki, lokacin da ganin kaki a kan titi ba abin dariya ba ne. Ga su Ƙasimu Yero da Karkuzu da Golobo, ga kuma 'yan wasan gidan CTV na Kano wanda yanzu ake kira ARTV. Sannan aka yi marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a watan Disamba na 2014. Ba da jimawa ba bayan harin 11 ga Satumba 2001, lokacin da duniya ke rawar ɗari da sunan Usama, har wasu a nan suna manna hotonsa a motoci da babura, Ibro ya ɗaura gemu da rawani ya fito a *Ibro Usama*. Ya sha suka a kan haka. Ko me mutum zai ce game da ingancin fim ɗin, ƙarfin halin taɓa abin da kowa ke tsoro ya riga *Four Lions* na Chris Morris, wanda ya mai da 'yan ƙunar baƙin wake abin dariya a Ingila a 2010, da shekaru masu yawa.

Misali mafi kusa da abin da muke magana a kai shi ne *Gidan Badamasi*, wanda Falalu Ɗorayi da Nazir Adam Salih suka kawo, tashar Arewa24 ta fara nunawa a 2019. A duba ƙashin bayan labarin: attajiri marowaci a keken guragu, wanda Magaji Mijinyawa ya fito a matsayinsa, da 'ya'ya rututu daga mata daban-daban, kowa idonsa na kan dukiya. Wato gida ne da uba bai yi wa 'ya'ya adalci ba, 'ya'ya kuma ba su ƙi a wayi gari an ce ya cika ba. In aka tuɓe wa wannan labari rigar barkwanci, abin da zai saura shari'ar gado ce irin wadda ke raba zumunci a kotunanmu kullum, da auri-saki, da haihuwar 'ya'yan da ba a san cinsu da shansu ba. Marubutan sun taɓo gyambon da littattafan faɗakarwa da dama suka yi ta kewayawa, kuma jama'a suka karɓa hannu bibbiyu, har da gidajen da Badamasin nasu ke zaune a tsakar gida ana kallon tare da shi. Wannan nasara ce, a yaba musu.

Amma a nan ne kuma za mu faɗi inda muke ganin namu ke gazawa, ba *Gidan Badamasi* kaɗai ba, yawancin barkwancinmu na allo. Na farko dai ba mu san tsayawa ba. *Fawlty Towers* kashi 12 ne kacal, *Mr. Bean* na asali 15, daga 1990 zuwa 1995. Masu *Inside No. 9*, Reece Shearsmith da Steve Pemberton, daga 2014 zuwa 2024 kowane labari a rabin awa suke ƙulla shi su kwance, galibi a wuri guda. Mu kuwa da zarar abu ya karɓu sai a yi ta jan sa zango bayan zango, kamar mai ƙara wa miya ruwa saboda baƙi sun ƙaru, har ɗacin da ya ba ta ɗanɗano ya salwance, a koma cike gurbi da ihu da zare ido da kokawa. Mun san dalilin, talla ce ke biyan kuɗi, kuma ɗan wasa sai ya ci abinci. Sanin dalili bai mai da salamammiyar miya mai daɗi ba.

Na biyu ya fi damunmu, domin ya shafi alƙalami kai tsaye. Marubucinmu ba ya yarda da mai kallonsa. Bayan ya gama nuna mugun hali ƙarara, sai ya ji tsoro ya shigo da wani dattijo ko malami a fitowa ta ƙarshe ya zauna ya fassara wa jama'a abin da suka gani da idonsu, mugu ya durƙusa ya tuba, a tashi. Wannan ɗabi'a tana da tarihi. Tun muhawarar shekarun 1990 a kan littattafan soyayya, waɗanda Ibrahim Malumfashi ya kira adabin kasuwar Kano, marubuta suka koyi kare kansu da kalmar faɗakarwa, zuwan hukumar tace fina-finai ta Kano a 2001 kuma ya ƙara wa ɗabi'ar ƙarfi. Ba mu ƙi faɗakarwa ba, aikinmu ke nan a aji kullum. Abin da muke cewa shi ne raha mai ɗaci ita kanta faɗakarwa ce, kuma liƙa mata wa'azi a wutsiya kamar mutum ya ba da labarin ban dariya ne sannan ya tsaya bayyana inda dariyar take. Basil bai taɓa shiryuwa ba, kuma babu wanda ya kalle shi ya yi sha'awar zama irinsa. Yaranmu ma, da suka kawo rubutunsu, sun saka liman a ƙarshe yana yi wa iyalin tsohon nasiha. Mu muka soke shi da jan biro. Har yanzu muna ganin a fuskar fasaha daidai muka yi, ko da yake za a ga inda wannan daidai ɗin ya kai mu.

To, ina iyakar abin? Wata iyakar ta harshe ce, ba za mu daɗe a kanta ba. Mista Bin ya zagaye duniya ne saboda bebantaka yake yi. *Blackadder* kuwa rabin daɗinsa a cikin lauje da gatsen Ingilishi yake, mu da muka yi difloma ma sai mun maimaita wani wurin sau biyu, kuma in an fassara shi ya mutu. Haka Samanja zai mutu in aka mai da shi Turanci. Darasin ga mai tasowa shi ne ya nemi ɗacinsa a cikin habaici da gatse da shaguɓe da gugar zana na harshensa, kada ya kwaso na wasu.

Wata iyakar ita ce tambayar wa ake yi wa dariya. Mun tuna yadda muke kwanciya da dariya a kan Ba'indiye da ɗan Pakistan da 'yar Sin a *Mind Your Language*, ba mu lura cewa a idon waɗanda suka shirya wasan mu ma 'yan wannan ajin ne ba. A can Ingila an dakatar da shi a 1979, kuma Michael Grade, jami'in gidan talabijin ɗin da ya yanke hukuncin, ya ce yadda ake zana baƙi a ciki bai dace ba. A 2020 Netflix ta janye *The League of Gentlemen*, wasan wani ƙauye mai cike da masu kisa da mahaukata, ba don kisan ba, sai don wani ɗan wasa fari da ya shafa baƙin fenti a fuska. Wato su kansu sun gane cewa dariya a kan mutuwa daban, dariya a kan wanda ba shi da bakin ramawa daban. Mu fa? Kurma, da mai in'ina, da wada, da makaho, da Bafulatanin daji, da baƙauyen da ya shigo birni yana tsoron fanka, su ne abincin barkwancinmu na yau da kullum. Mu mazauna karkara mun san yadda abin yake a jiki in yaro ya je Kano karatu aka tambaye shi ko a garinsu an taɓa ganin bene. Masu kare wannan sukan ce ai Bahaushe ya gaji wasan ƙabilu. Gaskiya ne, amma wasan Fulani da Barebari, ko na Kanawa da Zazzagawa, ko na taubasai, sharaɗinsa ramuwa: ka faɗa mini, in faɗa maka, a tashi ba a san wanda ya ci ba. Kurman da aka sa a fim ana buga masa gwangwani a bayan kunne, yaushe aka ba shi nasa zagayen?

Ta fuskar addini kuwa tazarar da ke tsakaninmu da su ba ta ɓoyuwa. Fim ɗin *Life of Brian* na 'yan Monty Python ya tayar da ƙura a 1979, wasu garuruwan Ingila da ƙasashen Ireland da Norway suka hana nuna shi, amma a 2008 Ingila ta soke dokar saɓo gaba ɗaya. Wannan ƙofa ce da mu ba ma neman a buɗe mana. Sai dai akwai bambanci tsakanin addini da mai ci da addini, kuma adabinmu bai taɓa ɗaga wa na biyun ƙafa ba, daga malamin tsibbu mai cinye kazar marainiya har zuwa alhajin da carbinsa ya fi mudunsa tsawo.

Akwai kuma iyakar da masu iko ke shatawa, wadda bai kamata marubuci ya rikita ta da sauran ba. A Ingila *Yes Minister* ya mai da ministoci da manyan sakatarori abin dariya, Firayim Minista Margaret Thatcher kuma ta ce tana cikin masu son sa. *Spitting Image* ya yi shekaru daga 1984 yana fito da shugabanni har da gidan sarauta a siffar 'yar tsana mai muni. A nan kuwa, a 2008 kotun tafi-da-gidanka ta ɗaure Ibro wata biyu a kan fim ɗin *Ibro Aloko*, shi da ya taɓa zama ma'aikacin gidan yari ya koma ciki a matsayin fursuna, abin da ko marubucin raha mai ɗaci zai yi shakkar ƙirƙirawa. A watan Nuwamba na 2022 wata kotu a Kano ta yanke wa wasu samari biyu masu barkwanci a TikTok bulala ashirin-ashirin da tara da sharar harabar kotu, saboda ɓata sunan gwamnan lokacin, Abdullahi Umar Ganduje. Wanzami dai ba ya son jarfa. Abin lura shi ne duk lokacin da za a rufe bakin mai barkwanci, da sunan tarbiyya da kare mutuncin jama'a ake zuwa, ba a taɓa cewa don ya taɓa mai kujera ba ne. Shi ya sa da abokan aikinmu suka ce a hana yara irin wannan wasa gaba ɗaya, jikinmu ya yi sanyi, domin mun san inda irin wannan hani yake ƙarewa.

Amma duk waɗannan ba su ne suka fitar da dattijon nan daga filin taro ba. Wasan yaranmu bai taɓa addini ba, bai zagi mai mulki ba, bai kuma yi wa wanda aka sace ba'a ba, iyalinsa da talaucin malamin makaranta ya nufa. Abin da ya rage shi ne tazara. A ranar farko ta yaƙin Somme, 1 ga Yuli 1916, sojan Birtaniya fiye da 19,000 suka mutu, amma sai da aka yi shekara 71 da ƙare yaƙin kafin a yi *Blackadder* na ramuka, lokacin da iyayen mamatan da mafi yawan matansu sun bi su. Duk da haka a 2014 sakataren ilimi na Birtaniya, Michael Gove, ya fito yana sukar wasan da cewa ya ɓata tarihin waɗanda suka ba da rayukansu. Haka nan gawar otal ɗin Basil tana ba Bature dariya cikin sauƙi saboda a can mutuwa ta koma hannun asibiti da kamfanin jana'iza, mutum zai iya tsufa bai taɓa gawa da hannunsa ba. Mu kuwa mu ke wanke namu, mu ɗauka a kafaɗa, mu shiga rami mu karɓa, mu jera itace ko tukwane, duk kafin rana ta faɗi. Falgore kuma ba tarihi ba ne. Daga nan in ka bi ta Tudun Wada ka nufi Doguwa, cikinsa za ka ratsa.

Sai dai ko wannan hujja ta tazara ba ta tsaya da ƙafafunta sosai ba, domin mun sha shiga motar haya ta wannan hanya, kuma babu inda ake barkwancin masu garkuwa kamar cikinta. Da an doshi dajin za ka ji wani ya ce wa na kusa da shi ya ɓoye tumbinsa kada ya jawo wa mota farashi, wani ya ce shi ko an kama shi sai dai ɓarayin su yi masa karo-karo. Kowa ya dara, har direba. Waɗannan ba su da tazarar ko taku ɗaya. Bambancin, in mun fahimta daidai, shi ne a cikin motar kowa wuyansa na kan wuƙa ɗaya, mai faɗa da mai ji, kamar dai kaka da ta san gumbar tata ce ake magana. A filin makarantarmu kuwa mutum ɗari uku suna dariyar abin da suke tsoro, mutum ɗaya yana kallon abin da ya riga ya same shi. Wasan jika da kaka yana da ƙa'idar wanda zai yi da wanda za a yi wa. Dandamali da akwatin talabijin da wayar hannu ba su san wanda ke zaune a gabansu ba, kuma wannan nauyi ne da Gizo da 'yan kama ba su ɗauka ba, marubucin yau ne ya gaje shi.

Bayan kwana uku muka shirya muka je gidan dattijon da yamma, muka same shi a zaure yana gyaran igiyar shanu. Muka gaisa, muka ce, "Baba, mun zo ne a kan abin da ya faru ranar taro. Mu muka sa yaran, a yafe mana."

Ya daɗe bai ɗago ba. Can ya ce, "Malam, ai ni ma na yi dariya da farko. Maganar takardar gonar nan, wallahi an yi ta a gidanmu, ba a kai kwana goma da ɗauke shi ba. Yaran nan ba su yi ƙarya ba." Ya ja igiyar ya ɗaure. "Wayar ce. Da ta yi ƙara a wurin nan, irin kukan tawa ne sak. Wata huɗu ina kwana da ita a ƙarƙashin matashi."

Muka ce to ko a daina wasan gaba ɗaya? Ya ce a'a, a bar yara su yi abinsu, mutane su ji, in dai da hali a cire wayar.

Rubutun yana nan a cikin durowarmu. 'Yan ƙungiya sun riga sun tambaye mu sau biyu ko za a maimaita shi a taron iyaye da malamai na zango mai zuwa, har wata makarantar da ke Kiru ta aiko tana son kwafi. Mun zauna da jan biro mun gwada cire wayar, muka sa ɗan aike, muka sa wasiƙa, kowanne muka karanta sai mu ji wasan ya kwanta. A cikin minti ashirin ɗin nan sau bakwai take ƙara.